Tambayoyi da amsoshi kan binciken cututtuka da ƙwayoyin gado a tsakanin marasa lafiya na ƙasar Sin

Masu karatu da dama, musamman ɗaliban aikin likita da masu haɗa magunguna, sukan ci karo da rahotannin bincike da aka rubuta a kansu cewa an gudanar da su ne a kan "marasa lafiya Sinawa", sai su yi ta tambayar dalilin wannan keɓewa. An tattara tambayoyin da aka fi yi a nan, tare da amsoshinsu.

Me ake nufi da binciken asibiti, kuma me ake nufi da binciken ƙwayoyin gado?

Binciken asibiti shi ne wanda ake yi a kan mutane kai tsaye: a bi diddigin yadda cuta ta fara, alamomin da ta nuna, maganin da aka bayar da kuma abin da ya biyo baya. Wani lokaci akan raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba kowane ɓangare magani daban, sannan a gwada sakamakon. Shi kuwa binciken ƙwayoyin gado yana duba rubutun da ke cikin DNA, wato umarnin da mutum ya gada daga uwa da uba, domin a gano ko wani ɗan sauyi a cikinsa ne ke sa wani ya kamu da cuta ko ya kasa jure wa magani. Idan aka haɗa biyun, likita zai iya fahimtar dalilin da ya sa mutum biyu masu ciwo ɗaya, da aka ba su ƙwaya iri ɗaya a rana ɗaya, guda ya miƙe guda kuma ya ƙara kwanciya.

Ashe ba jikin ɗan Adam ɗaya ba ne? Me ya kawo keɓe Sinawa?

Ɗaya ne, domin rubutun gadon kowaɗanne mutum biyu a duniya ya yi daidai da juna fiye da kashi 99 cikin 100. Amma ɗan abin da ya rage ɗin yana da tasiri, kuma yawan wasu sauye-sauyen ya bambanta daga wata al'umma zuwa wata, gwargwadon tarihin ƙaura da auratayya da cututtukan da kakanni suka yi fama da su. Matsalar ita ce an daɗe ana gina ilimin magani a kan jikin Turawa. Wani lissafi da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa kusan kashi 81 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali ƙasar Sin ita kaɗai tana da mutum biliyan 1.4. Saboda haka likitan da ke Bejin ko Guangzhou yakan buɗe littafi ya tarar da ma'aunin da ba a jikin mutanensa aka gwada ba. Maganin tsinka jini da ake kira wafarin misali ne sananne: yawancin Sinawa suna da wani nau'in ƙwayar gadon VKORC1 da ke sa ɗan ƙaramin ma'auni ya ishe su, kuma idan aka ba su irin na Bature ana iya jawo musu zubar jini.

Wane misali ne ya fi fito da amfanin wannan aiki a fili?

A ganina, labarin maganin farfaɗiya mai suna kabamazefin. Magani ne tsoho, mai araha, wanda ake amfani da shi ko'ina a duniya. Sai dai a wasu tsirarun mutane, cikin makonnin farko da fara shansa, zazzaɓi kan taso, idanu su yi ja, leɓɓa su tsattsage, sannan fata ta yi ƙuraje masu ruwa ta riƙa saɓulewa kamar wanda tafasasshen ruwa ya ƙona. Mai wannan hali ba ya iya haɗiye ko da ruwa, kuma akan yi jinyarsa ne a ɗakin waɗanda suka ƙone. Wasu sukan mutu, wasu su tashi da makanta. Shekaru da yawa ana ɗaukar abin a matsayin tsautsayin da ba wanda zai iya hango shi.

A 2004 wasu likitoci a Taiwan, cikinsu har da Chung Wen-Hung da Chen Yuan-Tsong, suka binciki mutum 44 'yan ƙabilar Han, wadda ta fi yawa a cikin Sinawa, da wannan ya same su bayan shan maganin, suka tarar dukkansu suna ɗauke da wata alamar gado da ake kira HLA-B*15:02. A cikin waɗanda suka sha maganin lafiya ƙalau kuwa, kashi 3 cikin 100 ne kawai ke da ita. Da wuya a sami alaƙa mai ƙarfi irin wannan a fagen magani. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanya gargaɗi a jikin maganin a 2007, Hong Kong ta fara gwaji kafin ba da shi a 2008, sannan wani bincike da aka wallafa a 2011 ya bi mutum 4,877 a Taiwan: aka gwada jininsu, waɗanda aka samu da alamar aka sauya musu magani, kuma ba a sami ko mutum ɗaya da fatarsa ta saɓule ba. Da a kan Turawa kaɗai aka tsaya, da ba a gano wannan ba, domin alamar ba ta cika samuwa a cikinsu ba. Rukunin masu binciken nan dai sun sake gano irin wannan alaƙa a 2005 tsakanin HLA-B*58:01 da alofurinol, maganin da ake ba masu kumburin gaɓoɓi sakamakon taruwar sinadarin yurik.

Me aka gano game da kansar huhu?

Likitoci a gabashin Asiya sun daɗe suna ganin mata da ba su taɓa shan taba ba suna zuwa da kansar huhu. Da aka duba tsokar ƙarin, sai aka ga cewa a nau'in kansar huhun da ya fi yawa, kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na marasa lafiyar yankin suna da sauyi a ƙwayar gadon EGFR, yayin da a Turawa abin bai wuce kashi 10 zuwa 15 ba. A lura cewa wannan sauyi a cikin ƙarin yake faruwa, galibi ba gadonsa ake yi daga iyaye ba. Binciken IPASS, wanda Farfesa Tony Mok na Hong Kong ya jagoranta aka kuma wallafa a 2009, ya ƙunshi mutum 1,217, ya nuna cewa masu wannan sauyi sun fi samun sauƙi da ƙwayar jefitinib da ake haɗiya a kan ruwan maganin kansa da ake sawa ta jijiya, amma waɗanda ba su da sauyin ruwan maganin ya fi yi musu amfani. Daga nan gwada ƙari kafin zaɓen magani ya zama ƙa'ida a duniya, kuma a 2011 ƙasar Sin ta amince da nata maganin na gida mai irin wannan aiki, ikotinib.

Ana cewa shanyewar ɓarin jiki ta fi yi wa Sinawa ɓarna. Me bincike ya ce?

Tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a ƙasar, kuma a nan ne aka yi wasu gwaje-gwajen da suka sauya aikin likitoci a wajen Sin ma. A 2013 rukunin Farfesa Wang Yongjun na asibitin Tiantan da ke Bejin ya wallafa binciken CHANCE a kan mutum 5,170 da suka sami ƙaramar shanyewa ko gargaɗinta. Waɗanda aka haɗa wa asfirin da kilofidogirel cikin awa 24 na farko, kashi 8.2 cikin 100 ne ciwon ya sake bugewa a kwana 90, waɗanda aka ba asfirin kaɗai kuwa kashi 11.7. Sai dai kilofidogirel ba ya aiki sai hanta ta sarrafa shi da taimakon ƙwayar gadon CYP2C19, kuma kusan shida cikin goma na Sinawa suna da nau'inta mai rauni. Wannan ya sa aka sake wani gwajin, CHANCE-2, da aka wallafa a 2021, inda aka fara gwada ƙwayar gadon majinyaci nan take a asibiti, aka zaɓi masu raunin su 6,412, aka tarar cewa tikagirelo, wanda ba ya buƙatar wannan sarrafawar, ya rage dawowar ciwon zuwa kashi 6.0 idan aka kwatanta da 7.6 na waɗanda aka ba kilofidogirel.

Shin Sinawa duka iri ɗaya ne ta fuskar gado?

A'a. Gwamnatin ƙasar ta amince da ƙabilu 56, kuma ko a cikin 'yan Han, waɗanda su ne fiye da kashi 90 cikin 100 na jama'a, akwai bambanci da ke sauyawa sannu a hankali daga arewa zuwa kudu. Mutanen Tibet, da ke rayuwa a tsaunuka masu ƙarancin iska, suna da wani nau'in ƙwayar gadon EPAS1 da ke hana jininsu yin kauri fiye da kima.

Kudancin ƙasar ne zai fi jan hankalin mai karatu Bahaushe. A lardunan Guangxi da Guangdong da Hainan da Yunnan, inda zazzaɓin cizon sauro ya daɗe yana addabar mutane a da, akwai cutar jini ta gado da ake kira talasimiya, kuma a Guangxi kusan mutum ɗaya cikin kowaɗanne huɗu ko biyar yana ɗauke da ƙwayarta ba tare da yana ciwo ba. Idan masu ɗauke da nau'inta mai ƙarfi iri ɗaya su biyu suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar mai tsanani: ko dai ɗan tayi ya kumbura ya mutu kafin haihuwa ko jim kaɗan bayanta, ko kuma yaro ya rayu da ƙarin jini kusan kowane wata. Lissafin nan shi ne dai na amosanin jini da muka sani a ƙasar Hausa, dalilin yaɗuwarsu ma ɗaya ne, wato kariyar da mai ɗauke da ƙwayar ke samu daga zazzaɓi, kuma hanyar da lardunan suka bi ita ce gwajin jini kafin aure da lokacin goyon ciki. Haka nan ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ya yawaita a yankin, har Sinawa na kiransa ciwon wake, domin yaron da ke da shi idan ya ci wani irin wake mai faɗi sai jininsa ya farfashe, idanunsa su yi ɗorawa, fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi.

A Guangdong da Hong Kong kuma akwai kansar bayan hanci, a daidai inda hanci ke haɗuwa da maƙogwaro, wadda ba kasafai ake ganinta a Turai ba. Abubuwa uku ne ke haɗuwa a kanta: ƙwayar cutar Epstein-Barr, da gado, da cin kifin da aka adana da gishiri tun daga yarinta. A 2017 masu bincike a Hong Kong, ƙarƙashin Allen Chan da Dennis Lo, suka gwada jinin maza 20,174 da ba su da wata alamar ciwo, suna neman ɓurɓushin DNA na ƙwayar cutar, suka gano mutum 34 da kansar, kuma kusan bakwai cikin goma nasu tana matakin farko da ake iya warkarwa.

Kenan gado ne ke yanke hukunci a kan wanda zai kamu da cuta?

Wannan ita ce fahimtar da ta fi kamata a guje wa, kuma binciken Sin ɗin kansa ne ya fi rushe ta. A gundumar Qidong da ke lardin Jiangsu an yi fama da kansar hanta fiye da kima. Da aka bincika, sai aka tarar da abubuwa biyu: ciwon hanta nau'in B da ake ɗauka tun daga haihuwa, da gubar afulatoksin da funfuna ke saki a jikin masarar da aka adana da laima. A 1991 aka gano cewa gubar tana barin tabo a wuri guda takamaimai a ƙwayar gadon TP53, a kusan rabin ƙarin da aka duba daga can. Da mutanen yankin suka koma cin shinkafa a shekarun 1980, aka kuma faɗaɗa allurar rigakafin ciwon hantar, sai cutar ta fara ja da baya a tsakanin matasa. A faɗin ƙasar, kusan kashi 10 cikin 100 na jama'a ne ke ɗauke da ƙwayar ciwon hantar a 1992, shekarar da aka fara yi wa jarirai allurar, amma zuwa 2014 yawan ya sauka ƙasa da kashi 1 a tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Duk wanda ya san yadda ake adana gyaɗa da masara a rumbu ko a buhu bayan damina zai gane cewa wannan darasi ya shafe mu kai tsaye.

A Xuanwei ta lardin Yunnan, hayaƙin wani irin kwal da ake ƙonawa a cikin ɗaki marar mafitar hayaƙi ne ya haddasa kansar huhu a tsakanin mata, kuma gina murhu mai bututu ya rage ta. Sai kuma batun ƙwayar gadon ALDH2: kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen gabashin Asiya suna da nau'in da ba ya iya kawar da gubar da barasa ke rikiɗewa zuwa gare ta, shi ya sa fuskarsu ke yin ja da zarar sun kurɓa. Mai wannan gado idan yana shan barasa haɗarin kansar hanyar abinci yana ninkuwa a kansa, idan kuwa ba ya sha, gadon ba ya jawo masa wannan haɗari.

Ina ake samun dubban mutanen da ake yin irin wannan bincike a kansu?

Wasu daga asibitoci, wasu daga manyan rumbunan adana samfurin jini. Wanda ya fi shahara shi ne rumbun Kadoorie, aikin haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Oxford da cibiyoyin lafiya na Sin, wanda ya ɗauki mutum fiye da 512,000 masu shekara 30 zuwa 79 daga yankuna goma, biyar na birni biyar na karkara, tsakanin 2004 da 2008, kuma har yanzu ana bin lafiyarsu. Daga cikinsa ne aka samu hujja a 2019 cewa iƙirarin da ake yi wai shan barasa kaɗan-kaɗan na kare mutum daga shanyewar ɓarin jiki ba shi da tushe. Akwai kuma cibiyar binciken ƙwayoyin gado ta BGI da ke Shenzhen, wadda ta wallafa cikakken rubutun gadon Basine na farko a 2008.

Akwai maganin da ya fito daga wannan aiki wanda duniya ta amfana da shi?

Akwai, kuma babbansu ya shafi wani nau'in kansar jini da a da yakan kashe mutum cikin makonni ta hanyar zubar jini. A 1986 Dakta Wang Zhenyi na Shanghai ya gwada wani sinadari ɗan'uwan bitamin A, wanda maimakon ya kashe ƙwayoyin kansar sai ya tilasta musu girma su zama lafiyayyu, kuma a rahoton 1988, mutum 23 cikin 24 cutar ta lafa musu gaba ɗaya. Tun a shekarun 1970 kuma Dakta Zhang Tingdong na Harbin yake gwada sinadarin asanik, wanda guba ne da ke cikin wani haɗin gargajiya. Daga baya Chen Zhu da Chen Saijuan da abokan aikinsu suka bayyana yadda magungunan biyu ke kai hari kan gurɓataccen furotin da ke haddasa cutar. A yau haɗin nasu yana warkar da fiye da kashi 90 cikin 100 na masu nau'in da bai yi tsanani ba. Na baya-bayan nan, a farkon 2024 likitocin Jami'ar Fudan sun ba da rahoton yara shida da aka haifa kurame saboda matsalar ƙwayar gadon OTOF, aka sa musu lafiyayyar ƙwayar a cikin kunne, biyar suka fara ji.

Za a iya amincewa da duk sakamakon da ya fito daga can?

Sai an tace. A watan Yulin 2015 hukumar magunguna ta ƙasar ta umarci kamfanoni su sake duba bayanan gwaji na takardun neman izini 1,622, kuma mafi yawansu aka janye su ko aka ƙi su, abin da ya tona irin sakacin da ake yi a lokacin. Mujallu ma sun janye rahotanni da yawa da aka gano ƙirƙirarsu aka yi. Tun daga nan an tsaurara doka, ƙasar ta shiga tsarin ƙa'idojin gwajin magani na duniya a 2017. Abin da mai karatu zai duba shi ne yawan mutanen da aka gwada, ko an yi rajistar binciken kafin a fara, da ko wasu masu binciken a wani wuri sun maimaita sun sami abu ɗaya.

Yaya batun yardar majinyaci da mallakar jininsa?

Nan ne wurin da ya fi damuna. A shekarun 1990 an ɗebi jinin dubban manoma a lardin Anhui don wani bincike da ke da alaƙa da Jami'ar Harvard, daga baya aka yi ta ƙorafin cewa da yawansu ba su fahimci abin da suka amince da shi ba. Ƙasar ta kafa ƙa'idar farko kan fitar da samfurin gado a 1998, ta ƙarfafa ta a 2019, ta yadda baƙo ba zai tattara ko ya fitar da shi ba sai da abokin aiki na cikin gida da izinin hukuma. Amma kare dukiyar ƙasa daban, kare haƙƙin mutum daban. A 2018 wani masanin kimiyya mai suna He Jiankui ya sanar da haihuwar tagwaye mata da ya sauya wa ƙwayar gadon CCR5 tun suna ƙwai, aikin da masana a Sin da wajenta suka yi tir da shi, kotu kuma ta ɗaure shi shekara uku a ƙarshen 2019. Haka kuma wasu mujallu sun janye rahotannin da aka yi da DNA na 'yan Uighur da 'yan Tibet, saboda ba a gamsu cewa sun bayar da jininsu bisa raɗin kansu ba, musamman inda jami'an tsaro ke cikin masu tattarawa. Sa hannu a takarda ba ya zama yarda idan mutum ba shi da ikon cewa a'a.

Shin abin da aka gano a jikin Sinawa zai yi aiki a jikin Bahaushe?

Wani zai yi, wani ba zai yi ba. Abin da ya shafi yadda cuta ke aiki, kamar maganin kansar jinin nan ko illar afulatoksin ga hanta, ya game kowa. Abin da ya dogara da yawan wata alamar gado kuwa ba ya ƙetare iyaka haka kawai: HLA-B*15:02 ba ta cika samuwa a Afirka ba, ma'aunin wafarin da ke isar Basine yakan yi wa baƙar fata kaɗan, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da wani maganin kansar huhu a 2022 saboda a Sin kaɗai aka gwada shi. Mu ma muna da namu: nau'o'in ƙwayar gadon APOL1 da suka yawaita a yammacin Afirka suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci, amma suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda, kuma ba a cika samun su a Sinawa ba. Afirka ce ta fi kowace nahiya bambancin gado, amma kason 'yan asalinta a lissafin 2016 ɗin nan kusan kashi 3 cikin 100 ne. Shirin H3Africa na binciken gado da lafiya a Afirka ya fara cike wannan giɓi, haka ma gwajin CREOLE da Dakta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta aka wallafa a 2019, wanda ya gwada haɗi iri uku na magungunan hawan jini a kan mutum 728 a ƙasashe shida na Afirka, ya tarar cewa haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi sauke jini a jikin baƙar fata.